Ranar da Inna Ta Fesa wa Sauron Auta Magani

A wurin aiki Dakta ake ce mata. A gida kuwa Auta ce, wadda ta yi karatu har ta gaji, sannan ta ƙare a kiwon sauro. Haka Inna ke gabatar da ita ga baƙi: "'Ya'yan mutane na kiwon kaji, tawa sauro."

Wannan bai taɓa damun Auta ba. Abin da ke ci mata rai shi ne halin da matar Yayanta ke ciki. Tun da zazzaɓi ya sake kwantar da 'yarsu, Inna ta ɗora wa baiwar Allah laifi: ba ta soke gidan sauro da kyau, ba ta fesa magani, barci ya fi mata 'ya. Matar ta daina fitowa falo, har ta fara haɗa kaya. Auta ta yi bayani har bakinta ya bushe, cewa sauron unguwar ne ya daina jin maganin, iyaye sun gadar wa 'ya'ya taurin rai. Inna ta ce, "Kare ta dai kike yi. Duk tsufana ban taɓa ganin sauron da ya fi ƙarfin magani ba."

Ana cikin haka na'urar sanyaya ɗakin gwaji na wurin aikinsu ta lalace, ga zafi ba a magana. Auta ta kwaso keji biyu ta kawo gida. Ɗaya na sauron da aka haifa a ɗakin gwaji ne tun kaka da kakanni, ba su taɓa shaƙar magani ba. Ɗayan kuwa daga kududdufin bayan layinsu ta ɗebo tsutsotsinsu ta rene su. Ta ajiye su a ɗakin shirgi, ta ɗora musu audugar ruwan sukari, ta lulluɓe da jiƙaƙƙen tawul, ta fita neman mai gyara. Kowa ta gargaɗa ban da Inna, wadda ke barcin rana.

Da ta dawo, wari ne ya tare ta tun daga ƙofa. Ga Inna zaune da gwangwani a cinya, fuska cike da alfahari.

"Gida da mara lafiya ki kawo mini sauro keji-keji? Na feshe ɗakin, na ja ƙofa. Sai ki je ki kwashe gawa."

Auta ta nufi ɗakin shirgi. Da waɗannan za ta gama gwada sabon gidan sauron da hukuma ke jiran sakamakonsa kafin ta saya wa jama'a. Ta tura ƙofa, ta shiga, Inna na biye da ita.

Ta yaye tawul. Kejin farko babu mai motsi, duk sun zube a ƙasa kamar ganyen shayi. Na biyun kuwa 'yan kaɗan ne suka faɗi. Sauran na manne da raga, wasu ma na kan auduga suna shan sukarinsu hankali kwance.

Inna ta sa tabarau, ta matso, ta hura raga. Suka tashi.

"Waɗannan na ina ne?"

"Na bayan gidanmu ne, Inna."

Tsohuwa ta sake duban kejin. Can ta ce, "To me zai kashe su?"

"Sabon gidan sauron magani iri biyu ne a jikinsa. A gwajin farko ya kayar da su. In ya tabbata, shi za a raba."

"Ni kuma na ɓata miki aikin."

"Akwai ƙwansu a ofis. Zai ja lokaci, amma ba a rasa ba."

Inna ta ajiye gwangwani, ta rungumi kejin sauron unguwar da hannu biyu, ta nufi ɗakin surukarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ta yi sallama a hankali.

"Buɗe, 'yata. Ga mai laifin na kawo miki. Ni kuma na zo ki yafe mini."