Tagar da Aka Ɗauki Hoton

Ƙa'idar Idon Kogi guda ce: ba a buga hoto sai mutum uku, ban da wanda ya ɗauka, sun tabbatar da inda aka ɗauke shi. Jarida ce ta waya, ba ofis ba albashi. Masunta ne da malaman makaranta da masu kanti da ɗalibai, mutum ɗari huɗu da ɗoriya a zauren hira guda na waya, kowa da sunan aro, kowa na jefo abin da idonsa ya gane masa game da masu haƙar zinariyar da suka mayar da kogin kamar ruwan kunu. Da ake kafa ƙa'idar wasu sun ce mutum biyu sun isa. Malama Eufrasia Rentería ce ta kafe sai uku. Shekara talatin ta yi tana koyarwa a Puerto Alcira, kuma duk duniya ba abin da ta tsana irin "wai an ce".

Ranar Talata da hantsi ta hau bene don shanya zanen gado, sai ta hango babbar mota a bakin kwata, inda kwalekwale ke tsayawa, ana sauke injin haƙa, ido na ganin ido, ba ko kunya. Ga kansilan unguwa a gefe, ya rungume ubangidan masu haƙar, mutumin nan da garin ba ya kiran sunansa da ƙarfi. Ta laɓe bayan labule ta ɗauki hoto, ta tura wa Dairo shi kaɗai. Dairo shi ne editan, shi ne kuma mutum ɗaya tak da ya san wanda ke bayan kowane sunan aro.

"Malama, wannan zai girgiza gari!" ya rubuto. Ya goge duk bayanan wayar da ke manne da hoton, yadda aka koya musu, ya sa shi a zaure da kalmomin da aka saba: "Wa ya gane wurin nan?" Daga nan ya shiga kwalekwale zuwa birni, tafiyar awa biyar da waya ba ta kamawa.

Eufrasia ta haɗa kofi ta zauna a kicin. Da farko har murmushi take yi.

"Kwatar Puerto Alcira ce," in ji mai sunan Gwanda. "Ga hasumiyar coci can baya, wadda agogonta ya mutu tun kakata na budurwa."

"Ɗaya ke nan," in ji Kyanwa. "Ni ma na gane, biyu. Wannan jan rufin kwanon na mai sayar da ƙanƙara ne."

"Ke Kyanwa, ke da ko gidan surukarki ba kya ganewa!"

"Da gangan nake ɓata, ɗan'uwa."

Na uku ya tabbatar. Nan ya kamata a tsaya. Amma akwai Injiniya, wani bawan Allah da ba wanda ya taɓa ganinsa, mai son a san ya fi kowa ido. Irinsa ne ke sa aikinsu ya yi kyau, ita kanta ta sha yaba masa.

"Ku dakata," ya rubuto. "An san gari, ba a san kusurwa ba. In kansila ya ce haɗa hoton aka yi fa? Ku duba, ana ganin saman motar. Daga sama aka ɗauka."

Eufrasia ta ajiye kofin.

"Daga kan bishiya?" in ji Gwanda.

"Wace bishiya ce mai labule? Duba gefen dama, ga bakin yadi nan."

Ta buɗe hoton ta ja shi da yatsu biyu. Ga shi nan kuwa, ɗan siririn fari a gefe, bai kai faɗin farce ba. Ta kira Dairo, waya a kashe. Ta sake kira. Sai ta fara rubutu a zauren, "Ya isa haka, an riga an tabbatar," ta tsaya tana kallon kalmomin. Ita da kullum take cewa a ƙara bincike, yau ita ce za ta ce a bari? Ko wawa ya gane dalili. Kuma cikin mutum ɗari huɗu, kowa ya sani ba a rasa kunnen mutanen can. Ta goge.

Su kuwa sai daɗi suke ji. Wani ya zana taswira a takarda ya ɗauko. Wata ta auna inuwar sandar lantarki ta ce ƙarfe goma da rabi ne.

"Layin kwata gidajen bene biyu ne kawai," in ji Injiniya. "Mai koriyar ƙofa, da na mai gashin wainar masara da ke kallonsa."

Koriyar ƙofa tata ce.

"Na mai waina ne," in ji Kyanwa. "Na taɓa hawa, ana ganin kwata tas daga can."

"Ni ma haka na gani," in ji wani.

"Da ni, uku!" in ji Gwanda. "Kai, mu fa ba dama. A ba mu lambar yabo!"

Sai ta ji numfashinta ya dawo. Daɗi ta ji, tsakani da Allah, daɗi mai sanyi har tafin ƙafa, kafin kunya ta biyo baya ta rufe ta. Mai wainar Cenelia ce, maƙwabciyarta ta shekara ashirin, uwar baftismar 'yarta, matar da ko saƙo ba ta iya turawa sai dai ta yi magana a naɗa. Cenelia ba ta ma san akwai wani abu wai shi Idon Kogi ba.

Wani mai suna Malam Shiru, wanda bai taɓa cewa uffan a zauren ba, ya rubuto: "Sannunku da aiki." Ya fita daga zauren.

Eufrasia ta miƙe. Za ta tsallaka titi ta ce wa Cenelia ta rufe shago ta tafi wurin 'yar'uwarta. To in ta tambaye ta dalili fa? Tana nan tana neman takalmi, tana tsara ƙaryar da za ta yi, ta ji ƙarar babur. Ko rabin awa ba a yi ba.

Ta leƙa ta tsagar ƙofa. Mutum biyu ne, ba su cire hular kwano ba. Cenelia ta fito tana goge hannu da gaban riga, fuska a sake.

"Samari, kun yi sa'a, yanzu na sauke masu zafi. Da cuku ko babu?"

"Ba waina ta kawo mu ba, Inna. Ɗakinki na sama za mu gani."

"Na sama? Me aka ajiye a can ban da tarkace?" Ta yi 'yar dariya, dariyar ta mutu a hanya. Ɗayan ya riga ya dafa mata kafaɗa, suka shige da ita.

Hannun Eufrasia na kan sakata. Ta ce wa kanta buɗe, fita ki ce ke ce. Ta faɗa sau uku, har da kiran Maryama mai tsarki, hannun ya ƙi. Sai labulen ya faɗo mata a rai. Yana can a rataye, fari fat, ga duk mai ido. Ta hau benen da rarrafe, gwiwoyinta na bugun matakala, ta miƙa hannu za ta fizge shi.

Tagar Cenelia a buɗe take. Ɗaya daga cikin mutanen na tsaye a ciki, ya cire hular, waya a hannu. Ya dubi hoton, ya dubi kwata. Ya matsa hagu, ya sake dubawa. Daga inda yake, hasumiyar coci na ɓoye bayan bishiyar mangwaro, a hoton kuwa ga ta nan a fili. Shi ma ashe ba ya aiki da "wai an ce". Ya girgiza kai, ya juyo a hankali.

A bayansa Cenelia ce, ita ta riga shi ganin Eufrasia. Ta yi maza ta sunkuyar da kai ƙasa kamar ba ta ga kowa ba, amma ta makara.

Faɗin titin bai fi taku goma ba. Mutumin ya dubi yadin da ke hannun Eufrasia, ya sa wayar a aljihu, ya yi magana cikin ladabi, ko murya bai ɗaga ba.

"Barka da rana, Malama. Kada ki wahalar da kanki da saukowa, ga mu nan zuwa."