Faɗin Amalanke

Ƙafar amalanken ta hagu ta daki sabon bulo, ta dama kuma ta cije a jikin tsohuwar katangar ƙasa. Bijiman biyu suka ja, suka sake ja, sannan suka tsaya suna huci. Takin da aka loda ya zubo ta baya, a kan ƙafafun Malam Tasi'u.

Ya daɗe yana kallon lungun. Tun yana saurayi ta nan amalankensu ke fita da taki, ta nan take dawowa da dawa da kara. Da zai tafi Kunci jinyar yayansa ya ga an kafa turaku an ja igiya a gefen gidan Kamaruddeen, maƙwabcinsa. Ya ji nauyin yin magana, domin ɗan marigayi amininsa ne, ya ce sai ya dawo. Ga shi ya dawo, bulo ya kai kafaɗa, ya cinye rabin hanya.

"Baba, a ja shanun baya don Allah," in ji Naziru magini daga saman katako. "Simintin bai gama kamawa ba."

"Naziru, da wannan amalanken aka riƙa kai wa ubanka dawarsa gida. Ina idonka yake da kake haƙa tushe a tsakiyar hanya?"

"Ni inda aka buga min turke nan na haƙa, Baba. Mai gida yana da takarda."

A wannan yanki gona ba ta hutawa. Gida a jikin gida, gona a jikin gona, kowace shekara ƙasa ɗaya ake nomawa, kuma abin da aka zuba mata shi take mayarwa. Duk rani Tasi'u yana ɗaure da dabbobinsa a turke, matarsa Sauda tana share kashinsu tana haɗawa da toka, har tsibin ya fi tsawon mutum. Idan bai isa gona kafin ruwan farko ba, bana babu hatsi.

*

Ranar Asabar Kamaruddeen ya zo daga Kano duba aiki. Da ganin Tasi'u ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Tashi, Kamaru. Ka rufe min hanya."

"Subhanallahi, ni na isa? Falo ne kawai na ƙara, sai wurin ajiye mota. Kuma wallahi ban ɗora bulo ko ɗaya ba sai da ofis suka ba ni izini." Ya ɗauko zanen ginin daga mota ya shimfiɗa a kan bonet, ya nuna hatimi da yatsa.

"Sun zo sun gani?"

"Ai yanzu ba sai sun zo ba, Baba. Daga kwamfuta suke ganin gari ta sama. A wurinsu nan fili ne, babu lungu."

"To ni ta ina nake shiga gidana? Ta saman?"

Kamaruddeen ya yi 'yar dariya, ya ga shi kaɗai ke yi, ya daina.

"Mutum yana wucewa ai, har babur. Zancen taki kuwa kar ya dame ka, zan sa a kawo maka na zamani."

"Ban zo bara ba. Da ubanka zai gina zauren nan, sai da ya kira ni da mai unguwa, aka shigo da amalanke da lodinta, aka ja layi a inda ƙafarta ta taka. Hannuna yana cikin ƙasar da aka cuɗa."

"Allah ya jiƙansa. Zamani ne ya canza, Baba."

Mai unguwa da Tasi'u ya je wurinsa, kansa a ƙasa ya saurare shi. Da, in ji shi, babu mai haƙa tushe sai ya zo da sandarsa ya tsaya. Yanzu abin da ke da hatimi ya fi ƙarfinsa.

*

A ofishin ba da izinin gini, Tasi'u ya zauna a benci tun hantsi har aka yi azahar. Jami'in da ya saurare shi, wani matashi mai suna Zubair, bai ɗago daga wayarsa ba.

"Baba, gidan naka yana da takarda?"

"Gidan da aka haife ni a ciki?"

"Shi nake tambaya."

"A can aka binne cibiyata. Wa zai rubuta min?"

"To ka gani. Gidan da ba shi a rajistarmu, lungunsa ma ba ya ciki. Kuma mun manna sanarwa kafin mu ba da izini, duk mai ƙorafi ya zo. Babu wanda ya zo."

"A ina kuka manna?"

Zubair ya nuna allon da ke bayan ƙofar ofishin da haɓa.

Tasi'u ya juya ya dubi allon. Daga nan zuwa ƙauyensu sai an hau mota an sauka an hau babur. Ya sa takalmansa ya fita.

*

Gajimare ya fara taruwa a gabas da yamma. Sauda ce ta kawo shawara.

"Malam, katangar baya taka ce ko ta Kamaru? Fasa ta. Titi ne a bayanta, amalanke ta fita ta can."

Da safe ya ɗauki diga. Katangar da ya ɗora da hannunsa, yana yaɓe ta duk shekara, ita ya shiga sara. Ya buɗe abin da bai kai rabin faɗin amalanke ba sai ya ji tsayuwar mota. Zubair ne, da gwangwanin jan fenti, da ɗan sanda a bayansa. Kamaruddeen ya gayyato su duba rufin sabon falo, suka hango ƙura.

"Baba, wa ya ba ka izinin buɗe ƙofa a kan titi?"

"Ashe kun san hanyar ƙauyen nan."

"Sauya fasalin gini ne wannan. Sai da izini."

"Ranar nan ka ce gidan ba ya cikin rajistarku. Yaya aka yi kuka ga katangarsa?"

"Ni doka nake bi."

Daga cikin gida muryar Sauda ta fito. "Yaro, dokar taku ido ɗaya gare ta? Ku ci abin da aka dafa muku a maƙwabta ku tafi, ku bar mu mu nemi namu!"

Zubair ya buɗe gwangwanin fentin. Ya tsoma buroshi ya zana ƙaton gicciye a jikin katangar. Ɗan sandan ne ya yi magana, a hankali, kamar mai ba da shawara.

"Baba, ajiye digar nan. In aka ƙara cire ko ɓarɓashi, kai da shanunka a caji ofis za ku kwana."

Tasi'u yana riƙe da ƙotar digar. Ya dubi fentin yana gangarowa, ya dubi bijimansa a turke. Ya sauke digar.

*

Da daro suka koma kwasar takin, shi da Sauda, a ka. Gonar tana can bayan rafi. Wuyan Sauda ya riƙe, ƙafarta ta kumbura, kuma abin da suka kai bai rufe kusurwa ɗaya ba.

Ruwan farko ya sauko bayan la'asar, mai ƙarfi. Maƙwabta suna ta hamdala, ana fito da iri. Tasi'u ya tsaya a ƙofar turke, rigarsa ta manne a jikinsa, yana kallon tsibin yana zaizayewa. Baƙin ruwa mai kauri ya ratsa ƙarƙashin amalanken, ya fita ta ƙofa, ya bi gindin sabon bulo ya gangara kwata. Shi ruwan, lungun bai yi masa kaɗan ba.