Baget ɗin Gefen Hagu

Duk Tasawa babu wanda bai san motar Ƙadri ba. Farar Pijo 504 ce, rufinta lulluɓe da baƙar roba mai kama da fata, wadda masu gyara ke kira simili. Shekara ashirin da shida ya yi yana tuƙa wani babban ma'aikacin gwamnati a cikinta, da mutumin ya tashi barin aiki sai ya miƙa masa makulli ya ce ya riƙe. Ƙadri kuwa ya riƙe fiye da yadda aka ce masa. Kullum da hantsi zai fito da bokiti da tsumma, ya wanke, ya goge, ya ja da baya ya riƙe ƙugu yana kallo. Akuya ba ta isa ta goga jiki a tayar ba. Matarsa Zuhura takan ce da motar nan tana cin tuwo, da ita za a fara zuba wa.

Abin da ke danne bakin similin ta kowane gefe wani siririn farin ƙarfe ne mai sheƙi, daga gilashin gaba har na baya. Baget ake ce masa. A farkon damina iska ta karyo reshen dogon yaro a ƙofar gida, ya faɗo wa motar, baget ɗin gefen hagu ya karye gida uku. Robar ta ɗaga baki. Da yake tsatsa ta daɗe tana cin rufin ta ƙarƙashi ba wanda ya sani, duk sanda aka yi ruwa sai ya riƙa ɗiga daidai kujerar baya.

A wannan daminar ce ciwon Zuhura ya ci ƙarfinta. An kai ta likita a Maraɗi, suka yi kwana goma sha biyu, aka sallamo su da ledar magani da maganar da kowa ya san fassararta, wai a je gida a ci gaba da addu'a. Ta dawo ba ta da nauyin kirki, 'yarsu Shamsiyya ce ke ɗaga ta tana kwantarwa. Abu ɗaya ta roƙa, a kai ta Atantane, garin da aka haife ta, wajen yayarta Kubra wadda ciwon ƙafa ya zaunar shekara da shekaru.

"Malam, ka kai ni gida," in ji ta. "In ta Allah ta kasance, ina son a kwantar da ni inda anka kwantar da Inna."

"Zan kai ki. Bari dai in gyara ruhin motar ga."

"Mi ya samu ruhin? Ɗigo ne hwa. Ka ba ni kwano in riƙe bisa cinya."

"Kwano? Ni Ƙadri in shiga Atantane roba na kaɗawa, matata na tarbe ruwa da kwano? Allah shi kiyaye."

Ba rashin so ba ne, gara a faɗi wannan. Yana son Zuhura, kuma tun da aka dawo daga Maraɗi abinci bai wuce masa da daɗi ba. Amma lokacin da ya je neman aurenta, dangin ubanta manoma ne masu rumbuna, suka ce direba ai yaron wani ne, ba shi da ko kunya ɗaya ta gero. Maganar ta zauna masa. Tun daga nan duk ganin gidan da zai kai ta, sai motar ta shiga garin tana ɗaukar ido, surukai su fito su kewaye ta. Mutum ba ya zuwa gaban surukai a wulaƙance, wannan kowa ya yarda. Sai dai waɗanda suka yi maganar rabinsu suna ƙasa, sauran ma sun manta, shi kaɗai ne yake ta ba su amsa.

Rabilu, mai gyaran jikin mota a bakin tasha, ya zo ya duba. Ya ce a ba shi awa ɗaya, zai shafa gam, ya yanko langa-langa ya danne bakin robar, ko ruwan kwana ne ba zai shiga ba.

"Langa-langa bisa motar ga?" in ji Ƙadri. "Kai ɗan nan, ƙyauren bayan gida ka ɗauke ta?"

"Baba Ƙadri, in kun dawo sai a cire. Jikin Inna Zuhura hwa ba na jira ba ne."

"Na ji. Kai dai tambaya man inda za a samu baget."

Aka shiga nema. Ya tafi wajen masu tsofaffin ƙarafa a Maraɗi, suka zazzage masa baget iri-iri, wani ya yi tsawo, wani lanƙwasarsa ba ta hau ba. Ya kira Damagaram, aka ce a kira jibi. Ya je Mayahi don an ce wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, yana da irinta, ya tarar rufin waccan fenti ne zalla. Duk yamma ya dawo ya zauna bakin gadon Zuhura yana ba ta labarin inda ya je, ita kuwa ta saurara, ba ta ƙara yi masa maganar kwano ba. In Kubra ta kira a salula tana tambayar yaushe, sai ya ji Zuhura na cewa, "Sai an samo ƙarhen ruhi, Yaya." Haka aka ci sati biyu.

Rannan Rabilu ya zo da labari. Wani direban motar kasuwa ya ga gawar 504 mai baƙin rufi a Urafane, a bayan gidan Ɗan Malam mai zubin tukwane. "Amma ku yi sauri," in ji shi. "Mutanen ga duk harin ƙarhen da sunka gani narka shi suke."

Washegari ranar kasuwar Urafane ce. Da safe ya leƙa ɗaki ya tarar Zuhura a zaune, ta sha kunu rabin kofi, har ta sa an ɗaura mata ɗankwali. Ransa ya yi fari.

"Gobe war haka muna Atantane," ya ce mata.

"Allah shi kai mu. Ka dawo da wuri, Malam."

Bai tafi da Pijon ba, don kada iskar hanya ta ƙarasa yaye robar. Motar kasuwa ya bi, a matse tsakanin buhunan wake da wani mutum mai kaji.

Ɗan Malam ya karɓe shi da fara'a, ya zagaya da shi bayan gida. Motar na nan a zaune bisa duwatsu, babu taya, babu ƙofa, kaji sun mai da ita gida. Baget ɗin dama tuni ya shiga wuta. "Ga shi can ya zama ludayi huɗu," in ji Ɗan Malam yana dariya. Na hagu kuwa yana nan lafiya lau, ƙura ce kawai ta rufe shi. Ƙadri ya goga babban yatsa, farin ya fito. Sai da ƙwalla ta taru masa don murna.

Ba a fizgar baget, in ka yi gaggawa ya lanƙwashe shi ke nan. Ya zauna da sukurdireba yana ɓamɓare 'yan maƙalan da ke riƙe da shi ɗaya bayan ɗaya, yana zuba su a aljihu, har azahar ta yi. Ya duba salula sau ɗaya, babu rezo, kira ba ya shiga nan, ya mayar. Motar da zai bi ya koma ba ta tashi ba sai da kasuwa ta fara watsewa, a hanya kuma hadari ya sauko, suka kafe a wani kwari, maza suka fito turi. Shi da hannu ɗaya ya tura, ɗayan yana riƙe da baget ɗin a sama, naɗe cikin tsumma.

Bayan la'asar ya shigo unguwarsu. Tun daga nesa ya ga tabarmi a ƙofar gidansa, da takalma jere, da maza zaune. Rabilu ne ya taso, ƙafar wandonsa duk jar ƙasa.

"Baba Ƙadri, sai haƙuri. Da hantsi ne. Mun kira, mun kira, ba ta shiga. Liman ya ce ba a aje ta, ga hadari na tahe. Bayan azahar munka kai ta."

"Kunka kai ta ina?"

"Maƙabartar nan ta gari."

Ba wanda ya yi masa laifi. Gawa ba ta jiran kowa, shi ma ya sha binne matan wasu mazan suna hanya. Ya tsaya da dogon ƙarfe a hannu ya rasa inda zai ajiye shi, mutane na miƙo hannu suna yi masa gaisuwa, har Rabilu ya zare shi daga hannunsa a hankali ya jingine a bango.

Da aka yi sadakar uku, sai ya zama dole a je Atantane, don Kubra ba ta iya zuwa. Ƙadri ya kira Rabilu suka kama aikin. Suka ɗaga robar, suka kankare tsatsa, suka toshe ramukan, suka shafa gam, suka jera maƙalai. Baget ɗin ya hau daram kamar a jikin motar aka ƙera shi. Duka-duka aikin bai kai awa biyu ba.

Da ya buɗe ƙofar baya zai share kujera, sai ya ga ƙunshin kaya ɗaure cikin zane, a gefensa kuma ƙaramin kwanon silba. Ya kira Shamsiyya.

"Kuna hita ta sa na ɗauko makulli na kawo su, Baba," in ji ta. "Ta ce ko kun samo ko ba ku samo ba, gobe tahiya za a yi. Ta ce in kun ga ta riga ta shirya ba ku iya ce mata a'a."

Bai taɓa kayan ba. Ya rufe ƙofar, ya shiga ya tayar da mota.

Bayan Mayahi ruwa ya kece, irin mai ƙarfin nan da ke sa a rage gudu. Yana tuƙi yana duba madubi. Ko ɗigo ɗaya bai sauka a cikin kwanon ba, har ya shiga Atantane.

Ruwan ya ɗauke, mutane suka fito. Suka yi masa gaisuwa yadda ya kamata, sannan kamar kullum suka kewaye motar. Wani dattijo cikin dangin ya shafa rufin ya ce, "Kai, motar Ƙadri ba ta tsuhwa." Shekara talatin yana son jin wannan, yau ga shi an faɗa masa.

Aka fito da Kubra a kan kujera, mutum biyu na ɗauke da ita, don ta ce sai ta gani da idonta. Ya durƙusa ya ajiye ƙunshin kayan a gabanta, da kwanon a kai. Ba ta dubi kayan ba. Ta ɗaga sandarta ta nuna farin ƙarfen da ke sheƙi a gefen hagu.

"Wanga ne?" in ji ta.

"Shi ne, Yaya."

Ta daɗe tana kallon ƙarfen. Sannan ta ce wa waɗanda suka ɗauko ta su mai da ita ciki.