Ragon Maidawa da Allon Koperatif

Saura kwana biyu Babbar Salla, a shekara ta uku da hawan sojoji mulki, na ji wani kuka cikin dare daga bakin kasuwar ƙauyenmu, kan hanyar Tabla. Rabinsa kukan dabba, rabinsa ƙarar ƙarfe. Matata Muna ta ce iskoki ne, in bar wa masu bori kayansu.

Da safe na tarar da ragon layyar maƙwabcina Maidawa, kansa maƙale a cikin sabon allon koperatif, wato ƙungiyar manoman ƙauyenmu.

Allon aikin Kailu maƙeri ne. Wasu haruffa ya gano a jikin kanti a Yamai, ya dawo da su a ka: masu kauri kamar taɓarya, ba ƙafa ba wutsiya, a miƙe tsaf. Ni aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, amma na san kyakkyawan harafi in na gan shi. Kailu ya baje tsohuwar gangar mai, ya yanke haruffan a jikinta. Harafin O da faifan matarsa ya zana shi, kuma da ya yanke sai tsakiyar ta faɗi, ta bar rami kamar bakin tulu. Na sha leƙawa ta nan, don gonakin hatsi sun fi kyau a zagaye. Shi ma ragon ya leƙa, ya hangi harawa.

"Kailu, yanke ƙarfen ga," in ji Maidawa.

"In yanke mi? Kwamanda na tahe daga Filinge da hantsi buɗe allo. Sare mishi ƙaho guda."

"Layya da karyayyen ƙaho? Wata tara ina ba shi dussa, ɗan maƙera!"

Muka shafa wa ƙahonnin man shanu, bai fita ba. Muna ta kawo miyar kuɓewa don yauƙi, rago ya lashe abinsa. Ana cikin ja sai ga motar soja.

Kwamandan ya sauko, ya dubi haruffan, ya yaba. Sannan ya tsaya kan ragon, ya latsa ƙugunsa, ya yi murmushi.

"Maigari, duk inda na je a ƙasar Kurfai ba a yi mini tarba irin wannan ba. Har da tsaraba?"

"Ranka shi daɗe," in ji maigari, idonsa a ƙasa.

Maidawa ya buɗe baki, ya ga bindigogi, ya rufe. Sojoji suka ja rago, ya ƙi fita. Sai suka tumɓuke allon da sandunansa, suka ɗora duka a mota, Kailu na bin su yana roƙon kada su lanƙwasa masa harafi.

Da motar ta ɓace, Maidawa ya juyo gare ni.

"Na'Allah, kai da ka yi lakwal, in sun yanka shi can Filinge, ladar tawa ce ko ta gwamnati?"