Haƙorin Gaba na Connie

Ana tsakiyar ɗaukar fim ɗin haƙorin Connie ya fara girgiɗi, kuma tun daga ranar hankalin uwarta Verna bai sake kwanciya ba. Fim ne na waƙe-waƙe a kan wani mutum mai rubuta tatsuniyoyi. Cikin yaran da ke kewaye da jarumin yana rera musu waƙa, Connie aka zaɓa ta tsaya a gaba tana murmushi. An riga an ɗauki rabin waƙar lokacin haƙoranta na nan cif. A Hollywood kuwa ba a yarda yarinya ta fara waƙa da haƙori ta ƙarasa da giɓi, sai dai a sa wata.

Ita Verna ta baro garinsu ne don ta zama tauraruwa, ta ƙare a gugar kayan taurari. Yanzu da dama ta shigo mata har gida, wai haƙorin yarinta ne zai kore ta? Ina!

Ta hana yarinyar tuffa, ta hana ta alewa, kullum sai romo da dakakken dankali.

"Ke, cire harshenki daga wurin nan!"

"Mama, zafi yake min."

"Daure, 'yar albarka. Ana gama waƙar nan ni da kaina zan cire miki shi."

Misis Oakes, wadda 'yarta ke layin baya, ba ta rasa abin faɗa. "Verna, 'yarki ta rame fa. Ko tauraruwar tamu azumi take yi?" Verna ta yi yaƙe, amma a ranta kamar ta shaƙe matar.

Ranar ƙarasa waƙar, fitilu suka gasa ɗakin ɗaukar fim kamar tanda. Yara suka ɗauki amshi. Connie ta wage baki, sai kuma ta rufe shi gam. Daga inda iyaye ke tsayawa Verna ta hango maƙogwaron yarinyar ya motsa.

"Ku tsaya!" in ji darakta. "Ke ta gaba, buɗe bakinki."

Connie ta girgiza kai. Ya zo ya ɗaga leɓenta da yatsa, ya ga jini da giɓi, ya yi tsaki.

"Ku kawo waccan ta bayan. Gobe mu sake waƙar daga farko."

Ko kallon Verna bai yi ba. Ta ja hannun 'yarta zuwa waje. Sai a bakin ƙofa Connie ta tirje.

"Mama, wallahi ban taɓa shi da harshe ba. Da ya fita ma haɗiye shi na yi don kada su gani."

Verna ta durƙusa a gabanta, kunya ta rufe ta. Ta ɗauko hankici za ta goge mata jinin, sai yarinyar ta kare fuska da hannu, ta zaci mari ne.