Ƙwai Biyu a Hannun Auta

Shekara biyu 'yata Auta ta yi tana karatun zama malamar koyar da sana'a, amma ko sau ɗaya ba ta taka ƙofar makarantar ba. Makarantar ce ke zuwa wurinta. Da yamma, in ta gama aikin yini a shagonmu na kafinta, sai ta kakkaɓe garin katako daga kan benci, ta jingina wayarta da gwangwanin ƙusa, aji ya buɗe. Ni kuwa in jawo kujerata kusa, in yi kamar ina gyangyaɗi.

Ban taɓa ganin abin mamaki irin ajin nan ba. 'Yan tagogi ne a fuskar wayar sun fi talatin, kowace da kan mutum a ciki, kamar ɗakin tattabaru. Akwai wani bakanike da ke leƙowa daga ƙarƙashin mota, akwai wata tela da kullum zakara ke cara a bayanta ko da rana ta kusa faɗuwa. Malaminsu kuwa daga ƙirji zuwa sama kawai muka san shi. Na taɓa tambayar Auta ko a ajin nasu akwai wanda ya taɓa ganin ƙafafunsa, ta ce don Allah in bar ta ta yi karatu. Ni a aji huɗu aka cire ni daga firamare, kuma abin da na fi tunawa shi ne wani ƙadangare mai guntun wutsiya da ke zama a saman allo. Saboda haka ba na raina makarantar da ba bulala, ba yoyon ruwan sama.

Sana'a dai Auta ta iya. Tun da hannuna ya fara rawa ita ke riƙe da shagon, kuma ƙofar da ta haɗa, ko iska sai ta yi sallama kafin ta shiga. Makarantar koyon sana'a da ke bayan tasha ta yi mata alkawarin ajin kafinta, muddin ta kawo takardar shaida kafin a buɗe sabon zango. In ba ta kawo ba, akwai wani yana jira a layi. Jarrabawar rubutu duk ta ci. Abu ɗaya ya rage, gwajin koyarwa: ta tara mutum uku da ba su taɓa riƙe zarto ba, ta koya musu wani abu cikin rabin awa, malamin yana kallo ta waya. Kuma sau biyu kawai ake ba mutum dama.

A karon farko ta faɗi. Ta tara maƙwabta uku, aka tashi da katako uku masu yanka santal, amma duka ukun ita ta yanka su. Malamin ya gaya mata cewa ya daɗe bai ga kafinta kamarta ba, sai dai bai ga malama ba. Ya ƙirga, sau tara ta karɓe zarto daga hannun ɗalibai, kuma maganar da ta yi gaba ɗaya ba ta cika cokali ba.

Da ta kashe wayar ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai ta ce, “Haka ka koya mini, Baba.”

Gaskiyarta. Ni darasina kalma uku ne: kawo nan, kalla. Haka ubangidana ya koya mini, shi ma haka ya gada. Kafinta ba ya iya tsayawa yana kallon ana cutar katako, hannunsa ne ke riga bakinsa tafiya.

Dabarar ta zo mini ne washegari, ina kallon kazar gidanmu tana zagaya ƙarƙashin benci tana neman wurin saka. Na ce wa Auta hannun da ke riƙe da ɗanyen ƙwai ba ya ƙwace komai. Ta riƙe ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ta mayar da su baya, ta ga ko bakinta ba zai buɗe dole ba. Ta ce wannan irin shawarar sai ni. Amma ta gwada. Mako guda ina zama ɗalibinta, ina yanka a karkace da gangan, ita kuma tana tsaye tana cije leɓe tana neman kalmomi. Ranar farko ta fasa uku. Innarta ta leƙo ta ce in karatun zamani ƙwai yake ci, gara a mayar da yarinya makarantar bulala. Zuwa rana ta shida ba ta fasa ko ɗaya ba, kuma na ji abubuwa daga bakinta da ni kaina shekara arba'in ina yi ban san suna da bayani ba.

Sababbin ɗalibai ni na nemo su. Akwai abokina Direba, wanda ya yi shekara talatin yana jan bas, kuma bai taɓa yarda akwai abin da bai iya ba. Akwai Mai Aski na kusa da mu. Sai ƙanwata, gwaggon Auta, wadda ta ce za ta zo ne kawai don kada a ce dangi ba su taimaka ba. Ni aka ba riƙon waya, tunda gwangwanin ƙusa ba ya iya bin mutum. Auta ta ja mini kunne: in riƙe da hannu biyu, kada in yi magana, kuma kada in juya wayar in ɗauki hoton kazar gidanmu.

Ƙarfe goma na safe malamin ya bayyana, ya gyara tabarau ya ce a fara. Darasin shi ne yadda ake ja layi da fensir a bi shi da zarto. Auta ta tsaya, hannu a baya, ta fara bayani. Ta sa kowa ya shafa haƙoran zarto ya faɗi inda suka fuskanta. Mai Aski ya kama nan da nan, dama mai ƙarfe ne a hannu. Gwaggo tana yanka tana mita, amma a kan layi take.

Direba ne matsalar. Ya danne zarton da dukan ƙarfinsa kamar mai tura motar da ta mutu. Zarton ya lanƙwashe, ya bar layi, ya nufi gabas. Katakon yana kuka, ni ina jin kukan har cikin haƙorana. Na dubi Auta, ta buɗe baki za ta yi magana. Ni dai ban san lokacin da abin ya faru ba. Na farga ne kawai na ga wayar a hannun Gwaggo, zarton kuma a hannuna, bakina yana cewa, “Kawo nan, kalla.”

Gwaggo kuwa, maimakon ta kawar da wayar, sai ta saita ta a kaina sosai, don malam ya gani da kyau.

Na ji wani ɗan ƙas a bayan Auta, na ga gwaiduwa tana ɗiga a ƙasa kusa da dugaduganta. Na san na kashe mata dama ta ƙarshe da hannuna.

“Baba,” ta ce, ba da ƙarfi ba, “mayar masa da zartonsa.”

“Zai lalata katakon, Auta.”

“Nasa ne, ya lalata. Nan ajina ne. Koma ka riƙe waya.”

Tun da aka haife ta ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Na miƙa wa Direba zarton, na karɓi wayar daga hannun Gwaggo, wadda ta ce a hankali, yau ta ga tsohon da aka kora daga aji sau biyu a rayuwa.

Auta ta juya ga Direba ta tambaye shi, in yana kan miƙaƙƙiyar hanya, kokawa yake yi da sitiyari? Ya ce haba 'yata, sai sabon direba, ai da yatsu biyu ake riƙewa. Ta tambaye shi ina yake kallo, kan bonet ko can gaba? Ya dubi zarton, ya dubi layin. Ta ce ya ja sabon layi, ya sassauta hannu, ya bar nauyin zarton ya yi aikin, shi nasa kawai ya kalli inda za shi. Ya fara a hankali. Kukan katakon ya koma wani sauti mai daɗi, shuu, shuu, irin wanda nake ji a mafarki. Guntun ya faɗi. Yankan bai miƙe sarai ba, amma ɗan uwan miƙaƙƙe ne. Direba ya ɗaga shi yana nuna wa wayar kamar wanda ya kamo kifi.

Da lokaci ya cika, malamin ya tambayi Auta me ya sa hannunta ke baya tun ɗazu. Ta fito da su, ɗaya da ƙwai lafiyayye, ɗaya yana yauƙi. Ya cire tabarau ya goge, ya rubuta wani abu mai tsawo, ya ce za ta ji sakamako. Sai tagarsa ta rufe.

Kwana uku muka yi muna jira. Auta tana gaishe ni, tana kawo mini ruwa, amma ba hira. Na yi ta zama a ƙofar shago ina kallon tururuwa suna jan garin katako, ina tunanin wancan mutumin da ke jira a layi, ko shi ma yana da uba mai dogon hannu.

Rana ta huɗu da hantsi wayar ta yi ƙara tana cikin auna ƙafar tebur. Ta karanta, ta zauna a kan benci, ta sake karantawa. Sannan ta miƙo mini. Na ce ta san ni da ƙananan baƙaƙe, ta karanta mini.

Ta ci. A ƙasa malamin ya ƙara layi biyu. Ya ce ɗalibai uku sun koyi abu da hannunsu, kuma da aka samu hargitsi a aji, malama ta kwantar da shi ba tare da ta wulaƙanta kowa ba.

“Ni ne hargitsin?” na tambaye ta.

“Kai ne, Baba.”

Na ce ta sake karanta mini wurin, a hankali, tun daga inda aka rubuta malama. Ta karanta. Sai ta ajiye tef ɗin awo, ta wanke hannu, ta tafi makarantar bayan tasha ta gaya musu su ba wancan mutumin da ke jira a layi haƙuri.