Ƙwanƙwasa Biyu a Jikin Gilashi

Tun da Yaya ya tafi aiki wata ƙasa, Auta bai sake ɗaukar babban gilashi da kwanciyar hankali ba. A shagonsu na yanka gilashi, su biyun ba sa magana idan suna ɗauke da kaya. Wanda ya hango matsala yakan ƙwanƙwasa gilashin da farce sau biyu, sautin ya ratsa ya iso tafin hannun ɗan'uwansa, shi kuma ya tsaya cak. Mai walda na kusa da su yakan ce, "Ku dai yaren juna kuke ji. Ko kurame aka haife ku, ba za ku kwana da yunwa ba."

Yanzu Dogo ne ke kama masa, mutum mai ƙarfi da yawan surutu. Ranar da suke hawa bene da madubin wani mai aski, Auta ya ga kwana ta matse, sai ya ƙwanƙwasa. Dogo ya ci gaba da turowa. Kusurwar madubin ta daki bango, ta ɓalle.

"Maigida, ai ba ka ce in tsaya ba!"

"Na ce."

"Da wane bakin? Ni Hausa nake ji, ban karanci yaren farce ba."

Auta ya zauna a matakala, ya ciro waya ya kira Yaya. Ba madubin ne ya fi damunsa ba. A 'yan watannin nan hirarsa da Yaya ta koma gaisuwa zalla, har ya fara tsoron cewa nisa ya raba musu harshe.

"Auta, ya aiki?"

"Da godiya, Yaya."

"Ya Inna?"

"Lafiyarta ƙalau."

Sai shiru, irin wanda ya saba kai su ga sallama. Auta ya sa farce ya ƙwanƙwasa bayan wayar sau biyu.

Ba a amsa ba. Yana jin ƙarar injina daga can, har ya ɗauka kiran ya yanke. Sannan amsar ta zo, ƙwas, ƙwas, a hankali.

"Wace kusurwar ce ta tafi?" in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa.

Auta ya sauke wayar daga kunnensa, ya kwantar da ita a tafin hannu, inda sautin ya saba isowa, yana jira ko za a sake.